Kyauta Mai Kaifi

A Amurka akwai wasu mutane da in ka leƙa garejinsu za ka rantse kafintoci ne, alhali ba da kafinta suke ci ba. Wani likitan haƙori ne, wani direban motar 'yan makaranta, wata malamar lissafi, da yawansu kuma dattawa ne da suka ajiye aiki. Da rana kowa yana wurin neman abincinsa. Da dare, ko ranar Asabar, sai mutum ya fitar da motarsa waje ya bar ta cikin ƙanƙara, ya shige gareji ya yi ta fama da katako. Teburin da zai shafe watanni yana haɗawa, da kanti ya je da ya same shi a farashin da bai kai kuɗin katakon ba. Ya san haka sarai, kuma bai dame shi ba.

Lokacin da na shiga ƙungiyar irin waɗannan mutane a garin da nake zaune a jihar Ohio, na gaya wa kawuna ta waya. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, aikin naka ne ya samu matsala?" Na ce, "A'a Kawu, lafiya ƙalau, sha'awa ce kawai." Ya ce, "To, Allah ya kyauta. Mu dai a zuriyarmu babu masassaƙi." Ban ga laifinsa ba. A wurinmu sassaƙa da ƙira gado ne, yaro yana tasowa yake ganin gizago a hannun ubansa. Waɗannan kuwa yawancinsu ba su gaji komai ba. Daga littafi da talabijin suka koya, sauran kuma daga junansu.

Akwai dalilin da ya sa haka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injunan lantarki sun yi araha, masana'antu suka karɓe aikin kujeru da gadaje, kayan aikin hannu na kakanni suka koma kasuwar gwanjo suna tsatsa. Sai a shekarun 1970 aka fara waiwayo. Mujallar Fine Woodworking ta fara fitowa a 1975. A 1979 wani mutum mai suna Roy Underhill ya soma shirin talabijin a jihar Karolina ta Arewa, yana sare itace da gatari, yana aiki ba tare da wutar lantarki ba, wani lokaci ya yanke yatsa a gaban kyamara ya ci gaba da bayani. Mutanen da ke wuni a kan kujerar ofis suka ga abin ya burge su. 'Ya'yan wannan guguwa ne suka cika ƙungiyoyi irin tamu, kuma a cikinsu ne al'adar da nake son ba da labarinta ta yi ƙarfi, wato musayar kayan aiki na ƙirar hannu a ƙarshen shekara.

Tsarin ba shi da wuya. Turawa suna da tsohuwar al'ada ta kyautar Kirsimeti a ɓoye, inda 'yan ofis ɗaya ko 'yan gida ɗaya ke rubuta sunayensu a zuba a hula, kowa ya zari ɗaya, ya saya wa mai sunan kyauta ba tare da ya sani ba. Masu sha'awar katako sun ɗauki wannan suka ƙara masa sharaɗi guda: ba a saye, yi ake yi. Kuma abin da za ka yi lallai ya zama kayan aiki, abin da mutum zai riƙa a hannu ya yi wani aikin da shi. A ƙungiyarmu a watan Oktoba ake zarar suna, don a samu lokaci. Akwai waɗanda ba Kirsimeti suke yi ba, ina cikinsu, shi ya sa ake kiran abin kyautar ƙarshen shekara, ba a kuma taɓa tambayar kowa addininsa kafin a miƙa masa hular ba.

Tare da sunan akwai 'yar takarda da kowa ya cike da kansa. Tambayoyin cikinta za su ba wanda bai san harkar ba dariya. Kai bahago ne ko da dama kake aiki? Wane irin abu ka fi haɗawa, akwatuna, kujeru, ko cokula? Me kake da shi har ya yi maka yawa? Akwai itacen da jikinka ba ya so? Duk suna da amfani. Wuƙar zane, wadda ake jan layi da ita a kan katako kafin a yanka, sau da yawa gefe ɗaya kawai ake wasa mata, don bayanta ya kwanta a jikin ma'auni. In ka yi wa bahago irin ta masu hannun dama, ka ba shi abin ado ne kurum. Maganar itace kuwa, akwai wani mai tsada daga Amurka ta Tsakiya da ake kira kokobolo, kyakkyawa ne ƙwarai, amma ƙurarsa tana sa wasu mutane ƙuraje da atishawa.

Abin da aka fi yi shi ne gudumar katako, wadda ake buga cizal da ita. Sabon shiga da ita yake farawa, gwani ma ba ya raina ta. Hikimarta tana cikin ƙota. Ba a sa ƙusa, ba a sa gam. Ana huda wa kan gudumar rami mai ɗan faɗi ta sama, ya tsuke ta ƙasa, a sassaƙa ƙotar da irin wannan siffa, sannan a zura ta daga sama. Duk lokacin da ka ɗaga ka buga, kan yana ƙara matse kansa a jikin ƙotar. In kana son raba su, sai ka doki gindin ƙotar a ƙasa, kan ya zame. Bayan guduma akwai sukwaya ta katako, da ma'aunin zane mai ɗan tsinin ƙarfe, da basilla ta huda, da wasu sanduna biyu miƙaƙƙu da ake ɗora wa katako, ɗaya a kowane ƙarshe. Kana durƙusawa ka hango ta samansu, in katakon ya murɗe ko da kaɗan ne, sandunan za su nuna maka, don ba za su daidaita ba. Akan manna wa ta bayan ɗan farin itace a gefuna don ido ya kama bambancin da sauri. Sanda biyu ne kawai, amma sai wanda ya gwada miƙar da su daidai wa daida ya san aikin da ke ciki.

Sarkin kyautar dai shi ne makankari, abin nan da kafinta ke turawa a kan katako yana aske shi har ya yi sumul. Wanda muka saba gani a shagunan kafintocinmu na ƙarfe ne, irin fasalin da kamfanin Stanley na jihar Konetikat ya yaɗa a duniya bayan ya sayi fasahar Leonard Bailey a 1869. Kafin nan na katako ake yi, ta hanyar fafe rami a cikin dunƙulen ice guda, aikin da ke neman kayan aiki na musamman da shekarun koyo. Mutumin da ya sauƙaƙa wa masu sha'awa abin shi ne James Krenov. An haife shi a 1920 a can ƙuryar gabashin Saberiya, ya girma a Alaska da Siyatil, ya koma Suwidin a 1947, inda ya koyi aikin katako a makarantar Carl Malmsten a birnin Stokholm. Littafinsa na farko ya fito a 1976, na biyu a 1977, kuma a cikin na biyun ya bayyana yadda yake yin makankaransa. A 1981 ya buɗe sashen koyar da aikin katako a wata kwaleji a garin Fort Bragg na jihar Kalifoniya.

Dabarar ita ce, maimakon ka fafe, sai ka tsaga. Ka ɗauki dunƙulen ice ka yanke masa fallen katako siriri daga kowane gefe ka ajiye. Tsakiyar da ta rage ka yanka ta biyu, ɓangaren baya a karkace, digiri 45, don nan bakin ƙarfe zai kwanta. Sai ka mayar da fallayen nan biyu ka manne da gam, ka bar rata a tsakiya. Ka gitta ɗan sanda ta cikin ratar, ka sassaƙa ɗan weji da zai shiga tsakanin sandan da ƙarfen ya matse shi. Shi ke nan. Babu noti, babu sukuru. In kana son bakin ya ƙara fitowa, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen da 'yar hama. In ya yi yawa, ka ƙwanƙwasa bayan makankarin ya ja da baya. Wurin da ake gane hannun mai yi shi ne 'yar tsagar da ke ƙasa, inda bakin ke leƙowa. Ana buɗe ta a hankali da magagari, a goga, a duba, a sake gogawa, har ta kai yadda aski zai wuce da ƙyar. In ta yi faɗi, makankarin zai riƙa fizgar naman katako yana barin tabo, kuma abin da aka riga aka goge ba ya dawowa sai da faci. Wani maƙerin wuƙaƙe a garin na Fort Bragg, Ron Hock, shi ya fara ƙera wa ɗaliban Krenov baki mai kauri a farkon shekarun 1980, har sunansa ya zama abin da masu wannan aiki ke nema. Shi kuwa Krenov, da tsufa ya zo ganinsa ya raunana har ya daina haɗa kabad, bai daina yin makankari ba, don wannan da laluben yatsa ma yana iya shi. Ya rasu a 2009.

Mai ba da kyautar makankari yakan sa wani abu a cikin kwalin: askin katako guda ɗaya, dogo, a nannaɗe, wanda ya fito daga wannan makankarin. Shaida ce cewa yana aiki. Masu ji da kansu sukan so askin ya yi sirantar da za a ɗora shi a kan jarida a karanta rubutun da ke ƙasa.

Wasu ba sa sayen bakin, da kansu suke yi, kuma a nan ne kafintan sha'awa ke ɗan taɓa ƙira. Ana samun ƙarfen a kanti, ko a nemi tsohon magagari da ya gama cin zamaninsa, don ƙarfensa mai kyau ne. Bayan an yanka an fitar da siffa, sai a gasa bakin da wutar gas har ya yi ja jawur. Yadda ake gane ya kusa kaiwa shi ne a kara masa maganaɗisu. Ƙarfe in ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyas yana daina kama maganaɗisu, sai a ƙara masa wuta kaɗan, a tsoma shi cikin man girki. Yana fitowa ya yi tauri har magagari ba ya cinsa, sai dai ya zame ta kai. Amma a wannan hali in ya faɗi ƙasa yana iya karyewa, don haka dole a sassauta shi da zafin da bai wuce digiri 200 ba na kamar awa guda, har launinsa ya koma ruwan kara. Abin da ke ba da wannan zafi daidai a gidan Ba'amurke kuwa shi ne tandar gasa burodi ta kicin. Matan 'yan ƙungiya, da mazan waɗanda matan ne masu aikin, sun san warin ƙonannen mai a watan Nuwamba, kuma ba kowa ke yafewa ba.

Katakon ma yana da nasa labarin. Kayan hannu ƙanana ne, guntun da bai kai tsawon kamu biyu ba ma ya isa, shi ya sa kowa yana da akwatin guntaye da yake ɓoyo shekara da shekaru yana jiran ranarsu. A da abin alfahari shi ne a yi amfani da itatuwan ƙasashen zafi masu duhu da nauyi. Yanzu an rage. Tun watan Janairu na 2017 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ido a kan dukkan dangin itacen Dalbergia, wanda kokobolo ke ciki, ta yadda fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takarda. A daidai wannan lokaci ne yarjejeniyar ta sa ido a kan madobiyarmu ma, bayan an yi ta kwasarta daga dazukan Taraba da sauran Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Sin. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyarmu sun koma kan itacen gida, musamman wanda ke da tarihi: reshen da iska ta karya a tsakar gida, ko guntun bencin tsohuwar makaranta da aka rushe.

Gudumar da ke kan bencina yanzu irin wannan ce. Malamar lissafin da na ambata ce ta zari sunana. Kan gudumar daga tsohon turken shinge na gonar mahaifinta ta fitar da shi, na wani itace da ake kira osej. Kafin a ƙirƙiro waya mai ƙaya a shekarun 1870, wannan itace manoman tsakiyar Amurka ke shukawa a jere ya zama musu shinge, don ƙayarsa. Da waya ta zo sai suka riƙa sare shi suna yin turaku, saboda yana daɗewa a cikin ƙasa bai ruɓe ba. Daga waje turken toka-toka ne, duk ya tsattsage. Da ta yanka sai ga cikinsa rawaya shar. Haka na karɓe ta, rawaya, amma haske yana ta rina ta, yanzu ta koma ruwan ƙasa mai duhu. A ƙarƙashin ƙotar ta ƙona haruffan sunanta da shekarar da ƙarfe mai zafi. Ta auna ƙotar da ƙaramin hannu, don ta lura da yadda nake riƙe cizal a wurin taro. Ban san tana kallo ba.

Akwai abokin gaba guda da ba a ganinsa, shi ne iska. Wanda ya ga yadda ƙofar katako ke cijewa da damina, ta saki da hunturu, ya san zancen. Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma ta faɗi yake yin haka, ba ta tsawo ba. A arewacin Amurka gidaje suna bushewa ƙwarai a lokacin sanyi saboda na'urar ɗumama ɗaki. In ka yi makankari a gareji mai danshi, ka kai shi gidan da ake hura zafi dare da rana, yana iya tsukewa ya kama bakin ƙarfen gam, wani lokaci har gefensa ya tsage. Don haka masu hankali sukan shigo da guntun katakon cikin gida tun Oktoba ya saba, su kuma bar wa ƙarfen 'yar rata ta gefe. Waɗanda ke aika tasu ta gidan waya zuwa wata jiha, daga gaɓar teku mai laima zuwa hamadar Arizona misali, sukan sassauta wejin kafin su rufe kwali.

In kyautar wuƙa ce ko wani abu mai kaifi, za ka tarar an manna mata ɗan kwabo da salatif. Tsohon camfi ne na Turawa cewa kyautar wuƙa tana yanke zumunci. Mafitar ita ce mai karɓa ya ɓalle kwabon ya mayar wa mai bayarwa, sai abin ya zama ciniki. Babu wanda zai ce maka ya yarda da camfin, amma ban taɓa ganin an manta da kwabon ba.

Daren buɗe kyauta a tsakiyar Disamba ake yi, a shagon ɗaya daga cikinmu mai faɗi. Ana ɗaure katako a kan benci tun kafin a zo. Wannan shi ya raba wannan kyauta da ta riga ko turare, inda za ka yi godiya ka kai gida ka jefa a durowa. A nan a gaban mai ita za a gwada. Wanda ya samu sukwaya zai kara ta a gefen katako ya ja layi, ya juya ta ya sake jan wani a kan na farko. In layukan sun hau juna, ta yi. In sun buɗe baki, kowa ya gani. Wanda ya samu makankari zai tura shi, a ji ƙararsa, a ɗaga askin a duba. Ba a kushewa, ladabin wurin bai yarda ba. Amma mutanen nan sun san aiki, kuma mai yi yana karanta fuska. Shi ya sa sabon shiga ke fargabar ya zaro sunan gwani. A ƙungiyarmu akwai wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana sassaƙa samfurin katako na zubin ƙarfe a masana'anta, aikin da kuskuren kaurin gashi ke ɓata shi. Duk wanda ya zaro sunansa, daga fuskarsa ake ganewa tun a daren Oktoba, ko da yake sirri ne.

Ana yawan gardama a kan ado. Wasu suna cika kayansu da tagulla da zane har mutum ya ji tsoron taɓawa. Gwarzonsu shi ne Henry Studley, mai haɗa piyano a jihar Masacusets wanda ya rasu a 1925, ya bar wani akwatin kayan aiki na ratayewa a bango, ɗauke da kaya fiye da 200, kowanne da gurbinsa, an ƙawata shi da baƙin itace da ɓawon kawa mai sheƙi. Hotonsa yana manne a garejin dubban mutane. Ni dai ina ɓangaren waɗanda ke ganin in ado ya hana amfani, an yi asarar katako. A garin Rochester na Ingila akwai akwatin wani saurayi, Benjamin Seaton, a gidan tarihi. Mahaifinsa, wanda shi ma kafinta ne, ya saya masa kayan aiki kusan 200 daga shagon Christopher Gabriel a Landan a watan Disamba na 1796, a kan fam 15 da 'yan kai. Saurayin ya haɗa musu akwati mai kyau da hannunsa, amma yawancin kayan ba su ga aiki sosai ba. Masana tarihi suna murna da haka, don sun samu kayan ƙarni na 18 kusan sababbi. Ban tabbata uban zai yi murna ba. A tsakaninmu babban yabo shi ne ka ziyarci mutum bayan shekara ka ga gudumarka ta lotsa, ƙotar ta yi baƙi da gumi.

Ba kullum ake gamawa lafiya ba. Kowace shekara akwai wanda rashin lafiya ko aiki zai sha masa kai, akwai wanda ƙarfensa zai tsage a cikin mai ana saura mako guda, akwai kuma wanda lalaci ne kawai. Saboda haka wasu dattawa biyu ko uku sukan yi kaya fiye da nasu su zo da su a jaka ba tare da sun faɗa ba, in an ga wani zai tashi hannu rabbana a miƙa masa. Wanda ya makara yakan kawo tasa a taron Janairu ko Fabrairu, a yi masa tsiya kaɗan a karɓa. Wanda kuwa ya karɓa bai bayar ba, ya sake maimaitawa wata shekara, ba a korarsa daga ƙungiya, ba a kuma yi masa magana. Sunansa ne dai ba ya sake shiga hula.